Falankan jirgina na Bounty sun ƙi kwanciya a goshi, ina mafita?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya taɓa haɗa ƙaramin jirgin ruwa na katako, irin wanda ke zuwa a kwali da kayansa a yayyanke, ba na roba ba. Ƙanena da ke aikin jinya a garin Hull na Ingila ne ya aiko min ta hannun wani da ya zo gida. Jirgin Bounty ne. Ya ce ya zaɓe shi ne don a garin nasu aka ƙera na gaskiyar a 1784, lokacin ana kiran sa Bethia, kafin sojan ruwan Ingila su saye shi a 1787 su tura shi Tahiti ɗebo dashen itatuwan abinci. Shi ne wanda ma'aikatansa suka yi wa kyaftin ɗinsu William Bligh bore a 1789. Tarihin na karanta na ji daɗi. Aikin ne ya tsaya min a wuya.

Ma'auninsa 1:60 ne, wato na gaskiyar ya ninka shi sau 60 a tsawo, gangar jikin ba ta kai rabin mita ba. Na kafa ƙashin bayan, wato dogon katakon da ke bin tsakiyar jirgi ta ƙasa, na jera haƙarƙarin da ke ba jikin siffa a ramukansu, na liƙa daɓen sama, duk lafiya lau. Saura lulluɓe jikin da falankai, kuma shimfiɗa biyu ce: ta ciki farin katako mai taushi, kaurin milimita 1.5, faɗin 5, ta waje kuma wani ja-ja siriri, rabin milimita.

Na fara daga sama ina gangarowa. Biyar na farko a kowane gefe sun kwanta ba gardama. Daga na shida labari ya canja. A tsakiyar jirgi falankin yana zaune daram, amma da ya doshi goshi, wato gaban jirgin, sai ya ɗage, bakinsa na ƙasa ya tashi daga kan haƙarƙari, na sama ya nemi hawa kan ɗan'uwansa. In na danna shi da yatsa don ya bi layi, sai in ji ƙas, ya tsage. Wani ya ce in jiƙa, na zuba su a bokiti suka kwana. Da safe sun yi laushi kam, amma sun yi gashi-gashi, launin ya dushe. Na liƙa ɗaya a jiƙensa, da ya bushe sai ga tsaga tsakaninsa da na sama, har ina hango hasken taga ta ciki.

Littafin da ke cikin kwalin bai taimaka ba. Hoto ɗaya ga ƙwarangwal, hoto na gaba ga jirgi sumul an gama lulluɓewa, abin da ya faru a tsakani sai ka yi duba. Falankan kuma a ƙidaye suke, kullum ina kallon daurin yana raguwa. Uwargida ta fara tambayar ranar da teburin cin abinci zai dawo hannunta.

Katakon ne ba shi da kyau ko hannuna ne? In ɓamɓare na jiki in sake? In sun ƙare kuma, akwai inda zan sami irinsu a Kano?

Baban Walida:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da fama. Ƙaninka ya so ka, amma ya haɗa ka da aiki. Bounty jirgin dakon kaya ne tun asali, shi ya sa goshinsa dunƙulalle ne, ba tsini. Jiragen Ingila irin su Endeavour da Victory ma goshinsu haka yake, kuma a wurin nan na goshi mutane da yawa ke mayar da kwali saman sif. Da Bluenose na Kanada ya aiko maka, mai siririn jiki, da tuni ka kusa fenti.

Katakonka lafiyarsa ƙalau. Ka ɓare lemo ka dubi ɓari ɗaya: tsakiya faɗi, baki biyu a tsuke. Haka kowane falanki ya kamata ya zama, domin cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, amma yawan falankan da za su ratsa wuraren biyu ɗaya ne. Kai kuma kana kai faɗin milimita 5 har gaba, inda babu wurin da zai ɗauke shi. Dole ya hau ɗan'uwansa.

Ka yanko takarda siririya, ka kwantar da ita a bakin haƙarƙarin tsakiya, daga ƙarƙashin falankin ƙarshe da ka liƙa zuwa ƙashin baya, ka sa alama da fensir, ka miƙe ta a kan rula. Raba abin da ka samu da 5, ka san falanki nawa suka rage. Sai ka auna kowane haƙarƙari haka, ka raba tsawonsa da wannan adadin. Abin da ya fito shi ne faɗin falanki a daidai wurin. Ka ɗiga alamomin a jikin haƙarƙarin da fensir mai tsini, su zama maka jagora. Wajen fiƙewa, baki ɗaya kawai ake ragewa, na sama, da rular ƙarfe da sabuwar reza, a ja a hankali sau da yawa, kada a ce sai an yanke a tashi ɗaya, in ba haka ba rezar za ta bi zaren katako ta kauce. Kuma kada ka fiƙe ya wuce rabin faɗinsa. Masu ƙera jirgin gaske ba sa barin falanki ya ƙare da tsini, don ba inda ƙusa za ta kama.

Amma kafin duk wannan, ka goge bakin haƙarƙarin kuwa? Yadda injin ya yanko su, bakinsu a miƙe yake, alhali jikin jirgi lanƙwasa yake yi. A na gaba-gaba falanki zai taɓa kaifin gefe ɗaya ne kawai, a nan yake karyewa. Liƙa samfefa a jikin guntun katako mai ɗan tsawo da zai hau haƙarƙari uku lokaci guda, ka yi ta gugawa kana bin siffar jirgin. Baƙin ƙunar nan da injin yankan ya bari a bakinsu shi ne ma'auninka: a na goshi ka goge har sai ɗan siririn layin baƙi ya rage a gefen da ke kallon baya, a na ƙarshen jirgi kuma a gefen da ke kallon gaba. In layin ya ɓace gaba ɗaya ka ci da yawa. Wannan gugar ta fi komai gundura, ni rediyo nake kunnawa, amma ita ce rabin aikin.

Batun jiƙo kuma, ba ruwa kaɗai ke lanƙwasa katako ba, sai da zafi. Ruwan yana sa laushi, ya kai zafin ciki, ya hana ƙonewa. Minti goma zuwa sha biyar a ruwan zafi ya isa. Ni gwangwanin madara nake kwantarwa a gefe, in sa guntun kyandir a ciki, in ya yi zafi in ɗora falankin a bayansa ina dannawa kaɗan-kaɗan ina matsarwa. Za ka ji yana ɗan cuu, tururi na tashi, sai ka ji ya saki a hannunka. Dutsen guga ma yana yi. Bayan nan ka kafe shi a wurinsa da fil ba tare da gam ba, ya bushe sarai, sannan ka cire ka liƙa. Falankin da ya ɗauki siffarsa, yatsa biyu sun isa riƙe shi. In kana kokawa da shi, bai shirya ba.

Ka riƙa yin ɗaya dama ɗaya hagu. In ka cika gefe guda, ƙashin bayan zai karkace, kuma ba ya dawowa.

Bakatsine a Legas:

Baba, da girmamawa, kar a tsorata bawan Allah. Shimfiɗar farko ce fa, ba wanda zai gan ta. Ni nawa na farko yadda suka ga dama haka na liƙa su, inda rami ya fito na cusa guntu, na kwaɓa garin katako da gam na shafe, na goge. Yana nan a falo, baƙi suna santi. Malam ka rufe jikin kawai ka wuce gaba, kada zafin abin ya huce maka.

Kafintan Tudun Wada:

Oga Ɗan Gwammaja, ni ban taɓa haɗa jirgi ba, amma katako shi ne abincina. Tsagar da ka gani aikin hunturu ne. Katako in ya sha ruwa a faɗi yake kumbura, ba a tsawo ba, in ya bushe ya koma. Ka liƙa shi yana kumbure, iskar Kano ta zuƙe shi a dare ɗaya. Ƙofa ma haka take mana, wadda aka yi da ɗanyen katako da damina, kafin Janairu ka zura yatsa a tsakani. Kuma ka sani da damina jirgin naka zai ɗan motsa, don haka kafin ka rufe jikin duka ka shafa farin gam da aka sirka da ruwa ta ciki, yana ƙara riƙe su.

Farin gam namu na kafintoci shi za ka yi aiki da shi. Sufa gulu ɗigo kawai a can bakin goshi in ya ƙi zama. A shimfiɗar waje ka yi nesa da shi, yana shiga cikin katako ya bar tabo, in ka zo shafa banish wurin ba zai karɓa ba. Wanda ka liƙa a jiƙe kuma, in farin gam ne, ɗiga masa sifirit ko ruwan ɗumi a mahaɗar, ka ɗan jira, ka zura reza a hankali, zai fita.

In falankai sun ƙare kada ka damu. Je ka 'yan katako ka nemi obeche busasshe, fari ne, mara nauyi, yana lanƙwasuwa. Har waje ake fita da shi, wasu kamfanonin ma shi suke zubawa a irin kwalin nan. Guntu ɗaya ya ishe ka. Sai dai mai inji ba zai iya fitar maka da 1.5 cif ba, ka ce ya tsaga kusan 2, ka ƙarasa da samfefa a gida. Na wajen kuma ka tambayi masu kayan kujeru fallen biniya na sapele, wani ja-jan katako ne, kaurinsa kusan ɗaya da naka, ka yanka da rula.

Ɗan Gwammaja:

Allah ya saka da alheri, Baba, da kai Malam kafinta. Haƙarƙarin gaba sai yanzu suka ga samfefa yadda ya kamata. Na cire na shidan da sifirit, ya fita salin alin. Gwangwanin madara kuma ya yi aiki, yaran gida sun kewaye ni suna kallo, ƙaramar ta ce Abba yana gasa tsinke.

Ga abin da na auna. A tsakiya saura milimita 85, falanki 17 ke nan. A haƙarƙari na biyu daga gaba 58, ya ba ni 3.4. Amma na farko 38 ne kacal, in na raba da 17 yana ba ni 2.2, ya gaza rabin da ka ce. A can baya kuma abin ya juye, na sami 97, ya fi tsakiyar ma. Yaya ake yi da waɗannan biyun? Sannan maganar ɗan'uwa na Legas ta ɗan shige ni, ba zan ɓoye ba.

Baban Walida:

Madalla, yanzu kana magana da lamba. Na Legas bai yi ƙarya ba, jirgi yana rufuwa haka. Inda ban bi shi ba, shimfiɗar waje rabin milimita ce, ba ta da naman da za a goge, duk tudu da kwarin da ke ƙasa sai ta nuna shi, kuma a can ba a cusa garin katako. In ba ka koyi fiƙewa a kan farin da za a ɓoye ba, a kan jan da kowa zai gani za ka koya. Biyar ɗin da suka kwanta dai ka bar su, ba ruwanka da su.

Na goshi: 38 zai ɗauki falanki 15 ne masu faɗin 2.5, don haka biyu ba za su kai gaba ba. Ka zaɓi falankai biyu maƙwabta, ka fiƙe kowanne ya koma 2.5 a kan haƙarƙari na biyu, ka datse su a nan, a tsakiyar kaurinsa. Daga wurin sai guda ɗaya mai faɗin 5 ya ɗauka ya ƙarasa zuwa goshi, shi ma yana tsukewa. Biyu sun shiga, ɗaya ya fita. Ka yi haka sau biyu a kowane gefe, amma kada ka jera su kusa da juna, kuma ka sa su can ƙasa inda cikin jirgi ya juya, ido ba ya kai wa sosai. Sauran za su ɗan ƙara faɗi a haƙarƙari na biyu, ka sake lissafin. In da hali ka cike tsakanin haƙarƙarin farko da goshi da guntun balsa, wani katako mai taushi, ko obechen nan, ka goge ya bi siffa, falanki ya sami wurin kwanciya gaba ɗaya.

Na baya kishiyarsa ne. Rarar milimita 12 ce a kan na tsakiya, ka bar falankan su bi hanyarsu ba tilas, za su buɗe da kansu su bar gibi mai siffar tsinin mashi. Gibin ake cikewa da ɗan guntu, biyu ko uku za su shanye ta. Shi ma bakinsa na ciki a datse, a kan haƙarƙari.

Kada ka gangara da 17 ɗin a jere. Raba su kashi uku, shida, shida, biyar, kana gama kashi ka sake aunawa da takarda, don kuskuren rabin milimita in ya taru sau goma ya zama falanki guda. Kuma tun yanzu ka sa na ƙasan can da ke manne da ƙashin baya, kada ka bari bakinsa na gaba ya hau sama ya cinye wurin 'yan'uwansa. Ka kafe shi da fil ka turo hoto ta gefe da ta ƙasa kafin ka sa gam.