Muhawara: Shin gasa ce ta gina Amurka da Ingila?

Mai Shagon Siminti: Assalamu alaikum. Yau ma an ƙara mana kuɗin buhu, kuma babu wurin gudu, domin masu sayar mana da kaya a sari ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ra'ayina shi ne gasa ce ta gina ƙasashen da ke tinƙaho da 'yancin kasuwa da na siyasa. A 1890 Amurka ta kafa dokar Sherman domin hana babakere, kuma a 1911 Kotun Ƙoli ta raba kamfanin mai na Standard Oil, mallakar Rockefeller, gida 34. Mu a nan wa zai iya?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kalmar "gina" ce ta tsaya mini a maƙoshi. Audugar da masaƙun Lancashire ta Ingila suka yi arziki da ita bayi ne suka noma ta a jihohin kudancin Amurka, kuma da Ingila ta soke bauta a akasarin yankunan da take mulka a 1833, iyayen gijin bayin ta biya diyyar fam miliyan 20, su kuwa bayin ko sisi ba su gani ba. Ina gasar take a nan?

Injiniya: Malam, gini ba ɗora bulo kaɗai ba ne. Alhaji tsari yake nufi, wato dokokin da suke tilasta wa mai kuɗi ya rage farashi ko ya rasa masu saye.

Malamin Tarihi: To, Injiniya, tsarin nan ne ya bai wa Royal Niger Company ta 'yan kasuwar Ingila izinin masarautar ƙasarsu a 1886, ta mamaye cinikin Kogin Kwara ita kaɗai har 1900, sa'ad da Lugard ya karɓi ragamar Arewa. Masu wa'azin gasa a gida su ne suka yi mana babakere a waje.

Hajiya Mai Atamfa: Ku yi haƙuri, malamai, ni abin da na gani da idona zan faɗa. Kafin 2001 mai waya a gida sai wane da wane, domin NITEL ta gwamnati ce ta mamaye harkar waya. Da aka bai wa kamfanonin salula lasisi, layi ya fara da tsada sosai, amma da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran ma dole suka bi. Yau mai tallan goro ma yana da waya.

Ɗalibin Jami'a: Hajiya, ai wannan amfani ne aka samu, ba gini ba. Ƙasa ba ta ginuwa da kiran waya.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, da wayar nan kake rubuto mana wannan maganar.

Injiniya: Matsalar Malam ita ce duk abin da ya fito daga Turai sai ya nemo masa laifi, ko da kuwa maganin sauro ne.

Malamin Tarihi: Kai kuma tun da ka yi karatu a can, ba ka ƙara ganin aibinsu ba. Ka amsa maganar fam miliyan 20 tukuna.

Injiniya: Ba a can na yi karatu ba, a Zariya na yi, kuma ina neman ka janye.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, dare ya yi. A taƙaice, Malam ya kawo shekaru da hujjoji na tarihi waɗanda har yanzu babu wanda ya rushe su, kuma ya nuna cewa "gina" kalma ce da ba ta dace da gasa ba. Hajiya ta kawo misali mai daɗin ji, sai dai na cikin gida ne kuma bai shafi asalin tambayar ba. Batun inda Injiniya ya yi karatu kuwa, ku ƙarasa shi a tsakaninku ta saƙon sirri.