Jama'a a taimaka, wace hular kwano zan saya ta hawa keke?

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu hawa keke ku fitar da ni daga duhu, kaina ya kulle. Satin da ya wuce na sha ƙasa wajen kauce wa wani ɗan adaidaita, Allah ya kiyaye gwiwa ce kawai ta kurje, amma tun ranar na ce dole in nemi hular kwano.

Na je kasuwa mai shago ya fito min da guda biyu. Ɗaya sabuwa ce dal, a ciki an manna takarda an rubuta EN 1078, wato ma'aunin Turai, ɗayar ta gwanjo ce mai CPSC, wato ma'aunin Amurka, kuma tana da wata 'yar roba ruwan ɗorawa a ciki mai motsi da ake kira MIPS, wadda aka yi don rage murɗewar kai in mutum ya faɗi a karkace. To ni ta gwanjon ta fi kwanta min a rai amma farin soson cikinta yana da 'yar tsaga ta gefen kunne, kuma hular keke bugu ɗaya aka yi ta ta ɗauka, in ta taɓa faɗuwa da wani shikenan. Mai shago sai rantsuwa yake wai lafiyarta ƙalau.

Sannan jami'ar Virginia Tech ta Amurka tana gwada huluna tana ba su taurari 1 zuwa 5 gwargwadon kariyarsu, na duba a waya babu sunan ko ɗaya a ciki. Yanzu sabuwar mai EN 1078 kaɗai ta wadatar, ko in haƙura in tara kuɗi? Kuma ya ake gane takardar bogi?