Sabarimala: hana mata shiga tun asali ne, ko kotu ce ta kafa shi?

Malam Bashir: Salamu alaikum. Jiya na ce hana mata shiga Sabarimala, haikalin mabiya addinin Hindu wanda ke kan tsauni a jihar Kerala ta Indiya, tsohuwar al'ada ce. Hajiya Rabi ta ce ba haka ba ne. Hajiya, ga fili ga mai doki.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ina nan kan bakata. Babbar kotun Kerala ce a 1991 ta yanke hukuncin hana mata masu shekara 10 zuwa 50. A cikin shari'ar ma an ambaci cewa iyaye mata kan kai jariransu can bikin fara ba su shinkafa. Idan tun fil'azal ƙofar a rufe take, ta ina suka bi?

Malam Bashir: Kotu tarar da abin ta yi, ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Turawan Ingila biyu, Ward da Conner, da suka auna ƙasar Travancore, tsohuwar masarautar da haikalin ke cikinta, a farkon ƙarni na 19, sun rubuta cewa tsofaffi da ƙananan 'yan mata ne ke zuwa. Su masu bautar suna ɗaukar Ayyappan, abin bautarsu na can, a matsayin wanda ya yi alwashin ƙaurace wa mata har abada. Tushen maganar ke nan.

Aminu: Baba Malam, Hajiya, ku ba ni dama. Na yi karatu a Kochi, wani birni a Kerala, na gani da idona. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Janairu gari yakan cika da maza masu shirin ziyarar haikalin, sanye da baƙaƙen kaya, ba takalmi, da carbi a wuya. Mai gidan da nake haya ya yi kwana 41 ba nama, ba aski, a tabarma yake kwana shi kaɗai, kowa na kiransa Swami, laƙabin girmamawa ga mai shirin ziyarar, har matarsa. Ranar tafiya aka ɗora masa ƙunshi mai aljihu biyu a ka, irumudi suke ce masa, da kwakwa cike da man shanu a ciki. Wanda ba shi da wannan ƙunshin ba ya taka matakala 18 na haikalin. Abin da ya fi tsaya min a rai, a garin Erumeli sai sun zagaya masallacin Vavar, Musulmin da suka ce aminin Ayyappan ne, kafin su shiga daji.

Hajiya Rabi: Madalla, Aminu. Ka ga wurin da bai kori Musulmi ba, bai kori kowace ƙabila ba, amma matar da ta yi kwana 41 tana dafa wa Swami abinci ba ta da hanya. Shi ya sa Kotun Ƙolin Indiya ta soke hanin a ranar 28 ga Satumba 2018, alƙalai huɗu da ɗaya.

Malam Bashir: Wace ce ɗayar? Indu Malhotra, ita kaɗai ce mace a cikinsu, ita ce kuma ta ce kotu ba ta da hurumin auna aƙidar mutane da ma'aunin hankali. Matan Kerala da kansu suka cika tituna suna ƙin hukuncin.

Hajiya Rabi: Wasu suka cika tituna, Malam. Wasu kuma suka so shiga. Ranar 2 ga Janairu 2019 mata biyu sun shiga kafin gari ya waye, 'yan sanda na rakiyarsu, masu kula da haikalin suka rufe shi suka yi tsarki a bayansu. Wannan tsarkin shi ne ya sosa min rai.

Aminu: Matar mai gidana ta ce min ita za ta jira ta cika 50. A lokacin saura mata shekara shida, tana ƙirgawa.