"Ɗa na kowa ne": har da duka a ciki?

Maman Khalifa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A taimaka a warware min wata magana da ta tsaya min a rai. Gidan yawa muke haya a nan Agege, ɗakuna na kallon juna, bayi ɗaya, tsakar gida ɗaya. Cikina ya tsufa, ƙafa ta kumbura, in na zauna sai da dabara nake tashi. Na dawo daga awo na ɗan kishingiɗa, Khalifa ya sulale ya je ya buɗe jarkar ruwan da maƙwabciyata ta saya wurin mai ruwa, ya malalar da ita tas. Ta cire silifas ta zabga masa har shatin ya fito a cinya. Yaron nan shekararsa huɗu. Na fito muka yi ta, har mutanen gida suka taru. Da dare Hajiya, uwar mijina, ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, ɗa na kowa ne, ki je ki ba ta haƙuri." Baban Khalifa kuma ya ce tunda Hajiya ta yi magana an gama. To ni dai abin da nake tambaya, wannan karin maganar izini ce ga kowa ya ɗaga hannu a kan ɗan wani?

Ɗan Zango:
Allah ya raba lafiya. Amma Hajiya rabin maganar ta ba ki, ta riƙe rabi a bakin zani. Cikonta shi ne, ɗa na kowa ne, mugu sai mai shi. Yaron kirki kowa so yake a ce nasa ne, ranar da ya lalace kuma a ce ga uwarsa can. Ni ban ga inda silifas ya shigo ciki ba.

Baba Mai Rago:
To Ɗan Zango, shi wanda ya zubar da ruwan mutane a wannan tsadar, a wane ɓangaren ya faɗa? Hhhh.

Maman Khalifa, Agege:
Baba, da girmanka. Ɗana ba mugu ba ne, ƙuruciya ce.

Malama Ummi, Idi-Araba:
Ƙanwata, kar ki biye wa Baba, tsokana ce. Amma ni ina bayan Hajiya. Yadda muka taso, in babba ya dake ka a waje haɗiye kukanka kake yi kafin ka shiga gida, don in aka ji dalili sai an ƙara maka. Kuma wadda ta dake ka ɗin ita ce za ta zuba maka tuwo in uwarka ta tafi unguwa. Ba a raba su. Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Ki duba halin da kike ciki ma. In naƙuda ta taso miki da tsakar dare, maigida yana wurin aiki, ƙofar wa za ki buga? Dangi suna Arewa. A Ikko maƙwabci shi ne dangi, ko kin so ko kin ƙi. Su kansu Yarbawa cewa suke ido huɗu ke haifar yaro, ido ɗari biyu ke renonsa.

Ɗan Zango:
Ido suka ce, Malama, ba su ce hannu ba.

Abu Sumayya:
Jama'a a koma ga abin da aka karantar da mu. Hadisin da ke cikin Abu Dawud cewa ya yi a umarci yara da salla suna da shekara 7, a dake su a kanta in sun kai 10. Salla ke nan fa, kuma da iyaye ake magana. To ina hujjar dukan ɗan shekara 4 a kan jarkar ruwa? Tsawatarwa daban, duka daban. Karin magana ba aya ba ce.

Baba Mai Rago:
Allah ya gafarta Malam, ita dorinar da ke rataye a makarantarku ta kore ƙuda ce?

Hadiza Obalende:
Ni da ni ce wallahi sai ta yi bayani a gaban hukuma. Jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, ba ado aka yi ta ba.

Malama Ummi, Idi-Araba:
Ki kai ƙara, gobe mai gidan ya ba ku wa'adin tashi. Ki nemo sabon ɗaki da tsohon ciki, ga kuɗin shekara, ga na dillali, ga na yarjejeniya. Hadiza, ke za ki biya?

Jikar Mai Goro:
Bari in ba ku labarin kakarmu, Allah ya jiƙanta, don ita wannan maganar a bakinta take kamar gaisuwa, kuma na ga ranar da ta kusa jawo mata jidali.

Hajiya Babba a jirgin ƙasa aka kawo ta Agege tana amarya, kakanmu fataken goro ne. Irin matan da ɗin nan ce. Ɗanta na fari, wato babanmu, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan", kuma ana yaye shi ta miƙa wa kishiyarta riƙo. Amma 'ya'yan mutane? Ba wanda bai ci daga tukunyarta ba a layinmu, ba kuma wanda bai sha tsumagiyarta ba. Bahaushe, Bayarabe, Inyamuri, duk ɗaya.

Waɗanda suke Legas a lokacin za su tuna ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, da ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja ta kama da wuta. Ni ina firamare. Da yamma muka fara jin ƙara, ƙasa tana girgiza, gilasan tagogi suna zubowa. Wasu na cewa juyin mulki ne, wasu na cewa yaƙi ya zo. Mutane suka yi ta gudu ba su san inda suka nufa ba. Waɗanda suka yi wajen Oke-Afa su ne suka faɗa ruwan nan da ciyawa ta rufe samansa, suna zaton ƙasa ce. Sama da mutum 1,000 aka rasa a wannan masifa, da yawansu ƙananan yara. Allah ya kyauta.

Wasu kuma wajenmu suka yo, ta bin layin dogo. Bayan magariba Hajiya Babba ta fito ƙofar gida ta ga wani yaro ɗan kamar shekara uku a tsaye, ba takalmi, ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Ba wanda ya san shi. Ta sunkuya ta ɗauke shi ta goya, tsohuwa da ita, ta ɗaure da majanyi. Aka ce mata, Hajiya a irin wannan rana kya ɗauki ɗan da ba ki san na wane ne ba, in aka ce sato shi kika yi fa? Ta ce ɗa na kowa ne. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Hadiza Obalende:
Allahu akbar. Na tuna ranar nan, mu a Oshodi muke lokacin. Ci gaba don Allah.

Jikar Mai Goro:
Washegari aka kai magana fadar Sarkin Hausawa, aka sanar da 'yan sanda. Ku tuna wayar salula ko wata shida ba ta yi da shigowa ƙasar nan ba, sai mai hannu da shuni ke riƙe ta. Iyaye da ƙafa suke yawo unguwa-unguwa suna cigiya. Yaron ya zauna wurinmu 'yan kwanaki. Ba ya jin Hausa, Yarbancin Hajiya kuma na ciniki ne kawai, amma suka saba. Ta dama masa koko, ta koya masa cin tuwo da miyar kuka, a bayanta yake barci.

To ga inda gizo ke saƙar. Yaron nan gashinsa a cukurkuɗe yake, ya yi igiya-igiya har wuya. Hajiya ta duba ta ce wannan wace irin uwa ce da za ta bar kan yaro haka kamar na mahaukaci. Ta aika aka kira wanzami ya yi masa ƙwal, ta shafe kan da man shanu, ta sa masa hular ƙanena. Ita a ganinta ta yi aikin lada.

Ashe irin yaran nan ne da Yarbawa ke kira Dada, waɗanda ake haifa da gashi a murɗe. A al'adarsu ba kowa ke taɓa kan ba, balle aski, sai da shiri da hidima, kuma da sanin uwa. Ranar da uwar ta iso, ta je har wurin gawawwaki tana dubawa kafin a yi mata kwatancen gidanmu. Ta gan shi ta zube ƙasa tana birgima, ta riƙe ƙafar Hajiya tana godiya, kowa a gidan yana hawaye. Sai hular ta faɗi. Wallahi ihun da ta yi na biyu ya fi na farko. Ta ɗora hannu a ka tana tambayar ina gashin, ina gashin. Gashi kuwa tuni an share an zubar a bola. Da ƙyar wani dattijon Bayarabe mai shago a layinmu ya shiga tsakani. Hajiya kuma ko a jikinta, cewa take, "Ku gaya mata na wanke mata ɗa, ƙwarƙwata ce ba ta gode ba."

Baba Mai Rago:
Hhhh wayyo cikina. Ɗa na kowa ne, gashi sai mai shi!

Ɗan Zango:
Kun gani ko? Labarin nan ni ya goya wa baya. Ɗauka da ciyarwa na kowa ne, amma akwai iyakar da in ka tsallaka ka shiga gonar uwa.

Malama Ummi, Idi-Araba:
Ina! Ni ya goya wa baya. Matar da ta ga tana da ikon aske shi ita ce ta ga wajibinta ne ta goya shi. Da irin masu "ba ruwana da ɗan wani" ce, da a bakin titi zai kwana. Kuma mako guda bayan wannan, da rikici ya tashi a nan Idi-Araba, mu Bayarabiyar da ke dukanmu in mun taɓa mata kaya ce ta tura mu ƙarƙashin gadonta ta kulle ƙofa.

Jikar Mai Goro:
Ku dai ku raba. Matar ta dawo daga baya da doya da manja, kuma har Hajiya ta rasu Mama take kiranta, duk salla sai ta zo. Amma ko zazzaɓi yaron ya yi sai ta aiko a gaya wa Mama aikin askinta ne.

Sani Mile 12:
Ni fa inda na fi jin karin maganar nan shi ne lokacin zaɓe. Wani ya zo mana kasuwa da babbar riga da hula zanna, har da "sannunku da aiki" da Hausarsa ta haya, ya ce shi ɗanmu ne, mu ma nasa ne. Da aka tashi kwashe baburan 'yan acaɓa, ko waya ba ya ɗauka.

Baba Mai Rago:
Ai su ne suka fi kowa fahimtarta. Ɗan talaka na kowa ne, kowa ya aike shi, kowa ya ba shi fosta ya liƙa. Nasu kuma yana Ingila, ko sauro ba a yarda ya taɓa shi ba.

Sani Mile 12:
Na gida ma ba su bar mu ba. Ranar suna za ka ga wakilinsu da ambulan, ranar da aka rubuta maka magani kuma Honorabul yana taro.

Abu Sumayya:
Jama'a baiwar Allah tambaya ta yi, kun kai mu siyasa.

Goggo Asabe:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Ke Maman Khalifa, da wannan kumburin ƙafar, sun auna jininki a wurin awo? Kar ki yi wasa da shi, in kin ji ciwon kai mai tsanani ko ido yana miki duhu ki koma asibiti a ranar, kar ki jira ranar awo. Ɓacin ran nan ma ba naki ba ne yanzu. Sannan wa zai miki wankan jego, Hajiya ce ko gida za ki?

Maman Khalifa, Agege:
Sun auna Goggo, sun ce in rage gishiri. Na Khalifa a gida na yi, goyon ciki aka kai ni. Wannan kam kuɗin mota ya hana, Hajiya ce za ta yi. Har ta sa an kawo mata kanwa daga Kano.

Goggo Asabe:
An ce ki rage gishiri kuma ana tanadar miki kunun kanwa? Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suke danganta yawan kanwa da ruwan zafin nan da ciwon zuciyar masu jego. A sassauta.

Malama Ummi, Idi-Araba:
Goggo, mu duk da shi aka yi mana arba'in, ga mu nan garau.

Goggo Asabe:
Waɗanda ba su yi garau ba ai ba sa nan balle su yi rubutu.

Hadiza Obalende:
Jikar Mai Goro, wai yaron nan yana nan kuwa?

Jikar Mai Goro:
Yana nan, danfo yake ja tsakanin Agege da Oshodi. Sanƙo ne da shi yanzu tal, kuma kun san wa uwarsa ta ɗora wa laifi.

Ɗan Zango:
Har yanzu dai ba wanda ya kawo min inda aka ce silifas.

Sani Mile 12:
Goggo Asabe, waccan maganar tattasan da kika yi min, mota ta shigo da asuba. In kina so ki turo yaro kafin azahar, gobe ba lallai ki same shi a wannan kuɗin ba.