Ciyawa ta cinye bayan gidanmu, ta ina zan fara?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Muna zaune a Palladan nan Zariya, bayan gidan akwai fili kamar rabin fuloti da maigidan ya ce gini za a yi nan gaba, to kafin nan na ce bari in ɗan yi lambu, na sa zogale da kuɓewa da alayyahu da yakuwa, ga mangwaro ɗaya da gwaba biyu da muka tarar. Tunda ruwan Agusta ya kankama wallahi wurin ya fi ƙarfina, ciyawa har ƙugu, ga tafasa ga kashin yawo ga wata mai kaifi da ke yankar hannu, kuɓewar ma sai na laluba nake ganinta. Maigidan a Kaduna yake aiki sai Juma'a yake dawowa a gajiye, ni kuma ga koyarwa ga yara. An kira yara sun sare da adda, ba a rufa sati biyu ba ta dawo kamar taki aka zuba mata. Yanzu ko ƙofar bayan bana son buɗewa, ga sauro ga tsoron maciji. In feshe komai ne in huta ko akwai wata dabara?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ke kaɗai ba ce, Zariya daga Yuli zuwa Satumba haka take, kusan duk ruwan shekara tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka kuma a Agusta ya fi ƙarfi, to manomin da noma ne sana'arsa ma a watan nan ciyawa na ba shi wuya balle mai zuwa makaranta.

Wannan mai yankar hannun ina zaton tofa ce, in kuwa ita ce adda ba ta yi mata komai, domin saiwarta tafiya take yi a ƙarƙashin ƙasa, kin sare sama ita kuma tana nan da ranta ta sake tofowa. Haka jiji, wanda ke da 'yan ƙwayoyi a ƙasa kamar aya, in kika bar ƙwaya ɗaya an koma gidan jiya. Su tafasa da kashin yawo da kyasuwa kuwa ta iri suke yaɗuwa, sauƙinsu kenan, in aka cire su kafin su zubar da 'ya'ya baɗi za ki ga sun ragu sosai. Shi ya sa yanzu ne lokacin, kar ki bari sai Oktoba sun bushe sun watsa iri.

Shawarata kar ki ce za ki gyara rabin fuloti gaba ɗaya, ba zai yiwu ba ke kaɗai. Ki zaɓi wurin da ya fi kusa da ƙofar bayan, kwami uku ko huɗu, kowanne faɗinsa kada ya wuce mita 1 yadda hannunki zai kai tsakiya ba sai kin taka ciki ba, nan ne lambunki. A sa fartanya a tone shi da kyau a tsince saiwoyin a shanya su a rana su bushe. Sauran filin ba lambu ba ne, a dinga sare shi ƙasa-ƙasa kawai duk sati biyu ko uku har ruwa ya ɗauke, kuma a fara share taku biyu daga jikin bango da hanyar da yara ke bi saboda maciji. Mai shiga ciyawar ya sa takalmin roba dogo ya riƙe sanda yana bugawa gabansa.

Hajiya ta Tudun Wada:
'Yata ki ji maganar Malam. Abin da zan ƙara miki, ƙasa ba ta son zama tsirara, in ba ki rufe ta ba ita za ta rufe kanta da abin da ta ga dama. Ni bayan ɗakina dankalin Hausa na dasa, yabanyarsa na karɓo wajen maƙwabta na tsittsira a kunya, da ya yaɗu ciyawa ta rasa inda za ta leƙo, ga shi kaka ta yi mu haƙa mu dafa. Kabewa ma haka take yi. Kuma tafasar nan da kike kuka da ita ai abinci ce, ki tsinki ɗanyen ganyen ki dafa ki yi kwaɗo da ƙuli, 'yan zamani dai kun raina ta ne.

Mai lambu a Galma:
Ni dai gaskiya ban ga abin wahalar da kai ba, ki sayi maganin feshi a Sabon Gari a feshe wurin kowa ya huta. Mu a fadama in ba feshi ba ina za mu iya da tofa? Amma ki sayi irin mai shiga har saiwa, wato glyphosate, ba mai ƙone ganye a yini ɗaya ba, wancan paraquat ne, sama kawai yake ƙonawa ciyawar ta dawo kuma mugun guba ne, ban yarda a aje shi gidan da ke da yara ba. Shi mai shiga saiwar sai an yi haƙuri, sati ɗaya zuwa biyu kafin ta yi ja ta mutu, kuma ana fesa shi kan ɗanyen ganye ne ranar da ba hadari, in ruwa ya sauka a kai da wuri kuɗinki sun tafi.

Ɗan Samaru:
Alhaji maganarka haka take a fadama, amma nan cikin gida ne fa, kuma maganin nan bai san kuɓewa ba bai san zogale ba, duk koren ganyen da ya taɓa ya tafi, iska kaɗan ta kaɗa shi kenan. In dole sai an yi to a tsaya kan tofar can nesa da kwamin, da sassafe kafin iska ta tashi, a kulle kaji da yara har ya bushe, mai feshin ya rufe hanci da hannu. Ni da za ta samu kwalaye wajen masu shago ta shimfiɗa kan hanyoyin tsakanin kwami ta zuba ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa a kai da kauri, da ya fi min, in babu haske yawancin ciyawa ba ta fitowa. Illarsa ɗaya gara, don haka kar a kai shi jikin bango ko gindin bishiya.

Uwar Biyu:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji sanyi a raina. Hajiya kwaɗon tafasa kam rabona da shi tun gidan kakarmu. Feshin zan dakata tukuna saboda ina da kaji kuma 'yan biyun ba sa zama wuri ɗaya. Tambaya ɗaya, zogalen ya yi tsawo har ya wuce katanga sai da gora nake kaɗo ganyen, ga gwabar ta rufe alayyahun da inuwa, in sare su yanzu ko in jira rani? Sannan an ba ni kashin shanu buhu biyu in zuba?

Mai lambu a Galma:
Zogale ki sare shi daidai ƙugunki ko mita 1 ba ya mutuwa, rassa zai fito da su da yawa ki dinga tsinka da hannu, sandunan da kika sare ma ki kafa su jikin katanga za su kama tunda akwai danshi. Gwaba ki rage rassan ƙasa da waɗanda suka shiga juna kawai, mangwaro ki ƙyale shi sai ya gama 'ya'ya. Kashin shanun nan kuwa kar ki zuba shi ɗanye, cike yake da irin ciyawar da suka ci, ki tara shi gefe ɗaya da ciyawar da aka sare wadda ba ta yi 'ya'ya ba, ki rufe da tsohon buhu ki dinga juyawa, zuwa lokacin sanyi ya ruɓe sai ki sa wa latas da albasa. Tofa da jiji dai kar su shiga tarin.