Allo na biyu ya ƙi wuce 800x600 ta adaftar USB

Ɗalibin Madina:
Assalamu alaikum. Ramin HDMI na laftof ɗina ya mutu tun watan Safar, ɗana ne ya yi tuntuɓe da wayar ya fizge ta. Ni kuma risala nake rubutawa, wato kundin digiri, aikin ba ya tafiya sai da allo biyu, manhajar littattafan Larabci ta Shamila a ɗaya, Word a ɗaya. Sai na sayi 'yar adafta mai kai USB zuwa HDMI a wani shago, riyal 55. Da na soka ta, sai ta fito kamar filashi, da direba a ciki, na ɗora shi. Hoto ya zo, amma a 800x600 ya tsaya cak, babu wani zaɓi. Haruffan Larabci sun kumbura, wasali ya haɗe da ɗigo, layi shida ya cika allon. Na biyu kuma, in na tafi Harami sallar la'asar na dawo, sai na tarar allon baƙi ƙirin, sai na zare na mayar. Windows 11 ce. A taimaka, mushrif, malamin da ke duba aikina, na jiran babi na uku.

Mai Gyara a Jidda:
Wa alaikumus salam Ustaz. Kafin komai, leƙa cikin ramin da ka soka ta. Baƙi ne ko shuɗi? Ina kyautata zaton baƙi ne, wato USB 2.0, don shuɗin galibi shi ne USB 3.0.

Irin waɗannan adaftocin masu arahar kusan ba sa matse hoto kafin su tura shi, don haka hanya mai faɗi suke so. USB 2.0 megabit 480 yake ɗauka a daƙiƙa, USB 3.0 kuwa gigabit 5, ya ninka shi goma. Hoton 1920x1080 da ake sabuntawa sau 60 a daƙiƙa ya kusa gigabit 3, ka ga ta ƙaramin rami ba zai bi ba ko ana ha maza ha mata. Shi ya sa take komawa 800x600 da kanta. Nemi rami shuɗi ko mai alamar SS a gefe, ka soka ta kai tsaye. Kada ka bi ta abin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu, ko wayar ƙari, wasunsu 2.0 ne. Rabin masu kawo min wannan ƙorafi a shago, ko sukurudireba ba na ɗauka, rami kawai nake sauya musu.

Ɗalibin Madina:
Wallahi Malam kamar kana ɗakin. Ta mai raba ramin na bi, don linzami da filashi suna can. Na mayar da ita ramin hagu, 1920x1080 ya fito, har hamishin littafi, ƙananan rubutun ƙasan shafi, ina karantawa. Allah ya saka da alheri. Saura baƙin allon.

Hajiya 'Yar Misfala:
Wannan barcin kwamfuta ne, ni ma ya wahalar da ni a ofis lokacin aikin Hajji. Windows na yanke wa ramukan USB wuta don tattalin batir, in ta farka wani lokaci adaftar ba ta farkawa tare da ita. Shiga Device Manager, ƙasa wajen jerin USB, buɗe kowane Root Hub, ka cire alamar da ke bai wa kwamfuta izinin kashe shi. In ya sake yi, kafin ka zare waya danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, zai farfaɗo da direban hoto. Ka kuma duba Windows da P, kada ya zama ya koma allon laftof kaɗai.

Bakano a Riyad:
Ni dai da ka tambaye ni kafin ka saya, da na ce duba ko kana da ramin USB-C. In akwai alamar DP ko ta walƙiyar Thunderbolt kusa da shi, waya kawai kake buƙata, hoto daga katin hotonka zai fito, ba direba ba ciwon kai. Amma ba kowane USB-C ne ke fitar da hoto ba, wani caji da fayil kawai yake yi. In babu, adafta mai fasahar DisplayLink ta fi dama, tana matse hoto, ko a USB 2.0 tana ba da allo mai kyau, sai dai ta fi tsada kuma tana ɗan cin ƙarfin kwamfuta. Don karatu da rubutu dai taka ma ta isa.

Ɗalibin Madina:
Yaya Bakano, na duba, USB-C ɗin babu wata alama a jikinsa, na aro wayar maƙwabcina ɗan Sakkwato na gwada, shiru. Hajiya, na cire alamomin nan guda uku. Jiya na je magariba na zauna har isha, na dawo allon na nan a shafin da na bari. Yau da asuba ya sake ɗaukewa sau ɗaya, amma maɓallan nan huɗu sun dawo da shi. Zan lallaɓa da ita haka har a yi munaƙasha, wato zaman kare risalar.