Wai 'Ya'yanmu Marayu Ne?

Maman Iklima (Agege): Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cina. 'Yata ta fari shekararta 14. Ranar Asabar ina gyaran ɗaki na ɗaga katifarta, sai ga siket ɗin makaranta a dunƙule cikin baƙar leda, ya ɓaci, ta ɓoye. Ashe wata biyu ke nan da ta fara ganin al'ada, ba ta faɗa mini ba. Kusa da ledar ga wani littafin Turanci duk ya yamutse, Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi, wanda JAMB ta sa wa ɗalibai a 2019. Wata ƙawarta Bayarabiya ce ta ara mata na yayarta. Duk inda aka yi maganar da ta shafe ta, ta bi da jan biro ta ja layi. Abin da ta kasa tambayata, takarda ta je ta tambaya. Wallahi a bakin katifar nan na zauna na yi kukana.

Jiya na hau danfo har Yaba, na bi masu baza littattafai a gefen titi ɗaya bayan ɗaya, na biyo ta Ojuelegba, da la'asar na zaga masu teburin littattafai a bakin masallatan unguwarmu. Abu ɗaya nake nema, littafi da Hausa mai magana da yaro ko yarinya da ke tasowa: jiki na canjawa, ana tsokanarsa da "aboki" a aji, yana jin nauyin 'yan ajinsu su ga babansa da buhun albasa a ka. Na addini akwai, Allah ya saka wa malamai. Na soyayya kuwa in ka shiga waya sai ka ture. Wanda nake nema ko na magani babu. Marubutanmu sun bar 'ya'yanmu marayu, musamman mu da ke Kurmi. Na faɗa, kowa ya ji haushi.

Malam Habu (Idi-Araba): Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Amma ki janye kalmar marayu. Kina raye, maigidanki yana raye, ina maraici a nan? Maraya a shari'a shi ne wanda mahaifinsa ya rasu bai balaga ba, kuma hadisi ya zo cewa babu maraici bayan balaga. Ke da bakinki kin ce yarinya ta fara al'ada. Ta kowace fuska aka duba, kalmar ba ta hau ba.

Maman Iklima: Allah ya gafarta Malam, salon magana ne.

Malam Habu: Salon magana ma ana hisabi a kansa.

Ɗanliti Mai Shayi (Obalende): Ni dai a wajen kakata na ji ana cewa karkara da maraya, wato ƙauye da birni. To Ikko ai babbar maraya ce. Kun ga dukanmu 'yan maraya ne, har da Malam.

Malam Habu: Ɗanliti, ba ko'ina ake raha ba.

Goggo Asabe (Alaba Rago): Malam, a Hausarmu ta gida wanda ya rasa uwa ma maraya ne, kai shi ne ma marayan gaske. Uba ya mutu yaro ya tashi da ƙibarsa, uwa ta mutu ka gan shi da ƙeya duk ƙwarƙwata. Larabci daban, Hausa daban.

Malam Habu: Goggo, shari'a ba ta bin Hausar gida.

Goggo Asabe: Ita ma yarinyar nan ba da Larabci ta yi rubutunta ba.

Nasiru (Yaba): Ranku ya daɗe, ni abin da ban yarda da shi ba cewa wai ba mu da littafi. Mu da aka yi wa gasar rubutu tun 1933 a Zariya, ƙarƙashin Rupert East, aka buga littattafan a 1934? A cikinsu akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da ya tashi babu uba, aka sace shi, aka tsallaka hamada da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema. In wannan ba gwagwarmayar tasowa ba ce, mene ne? Ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam tun 1937, don 'yan makaranta aka rubuta shi. Anti, Yaba kika je neman littafin Hausa, ai kamar ki je Sabon Gari neman fura ne da tsakar dare.

Malam Habu: Kun ji maraya na gaskiya, Umar. Shi ya cancanci sunan.

Sadiya 'Yar Zango (Agege): Yaya Nasiru, da girmanka. Na karanta Magana Jari Ce, ina son shi. Amma me ake yi a littafi na ɗaya? Aku ne ke ta zuba wa ɗan sarki Musa labarai don ya hana shi fita daga gida. Shi ke nan mu ma abin da aka yi mana ke nan, a ba ka labari a rufe ƙofa. Yarinyar da ta ga jini a bayin makaranta tana kuka, labarin aku za ka miƙa mata? Ko labarin bayi da raƙuma? Ita da ko jaki ba ta taɓa gani ba sai a waya.

Nasiru: Ku haifaffun Ikko matsalarku ke nan, ba ku san darajar abin gida ba. Hausar ma da kuke yi rabi Yarbanci ce.

Sadiya 'Yar Zango: Kakan babana a Zangon Agege aka binne shi, da fataucin goro ya zo tun kafin a haifi kakanka. Kai shekara nawa da sauka a tashar Iddo da jakar buhu? Kada ka koya mini Hausa.

Nasiru: A jirgin sama na zo.

Ɗanliti Mai Shayi: Jirgin saman tirelar shanu.

Alhaji Tanko (shugaban zaure): A kiyaye harshe don Allah.

Malam Habu: Mu koma kan magana. Duk abin da yarinya ke buƙata game da jinin haila yana cikin Ahalari, babi guda aka ware masa, kwanakinsa da wankansa da abin da ya haramta. Ga Ishmawi, ga Iziyya, ga Risala. Wanda yake da waɗannan ba a ce masa maraya. A kai yara Islamiyya kawai.

Maman Iklima: Tana zuwa Islamiyya Malam, ta wuce babin ma, ta haddace. Hukunci ta sani. Tsoro ne ba a gaya mata yadda za ta yi da shi ba.

Hajiya Binta (Mushin): Ni fa ba kalmar ce ta dame ni ba. 'Yar'uwa, zauren nan cike yake da maza, wasu maƙwabtanki ne, kin zo kin baje sirrin budurwar 'yarki har da ledar da ta ɓoye. Gobe ta fito za ta makaranta ana binta da ido. Wannan shi ne maraicin, uwa ta tona maka asiri.

Maman Iklima: Ban faɗi sunanta ba Hajiya, Iklima ƙanwarta ce.

Hajiya Binta: 'Ya'ya nawa gare ki masu shekara 14?

Goggo Asabe: Binta, bar ta. Wannan kunyar taku ita ta kai yarinya ƙarƙashin katifa. Ku saurare ni, na girme ku duka. A gida ba uwa ce ke wannan magana ba, balle da 'yar fari da ko sunanta ba a faɗa. Kaka ce ke ja ta ɗaki, ko goggo, ko matar kawu, a yi ta cikin wasa da dariya a wuce wurin. Nan fa? Ɗaki ɗaya da falo, kaka tana Gumel, goggo tana Funtuwa, sai a waya ran sallah. Kunyar mun taho da ita cikin kaya, kakannin mun baro su. Ni na gane abin da take nufi da marayu, kuma ban ga laifinta ba.

Malam Habu: Rashin kaka ba ya mai da mutum maraya, Goggo.

Alhaji Ɗanjuma (Mile 12): Sanarwa: sabuwar albasa ta sauka daga Aliero, busasshiya, mai buƙata ya same ni ta gefe.

Alhaji Tanko: Alhaji, talla ranar Juma'a ce.

Anti Bilki (Ijora): Na yi shiru ne ina kallon ikon Allah. Ana ta Zariya Zariya, an manta waɗanda suka rubuta wa 'yan mata da gaske. Matan Kano ne. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, ita kanta tana ƙarama aka aurar da ita, ta san abin da take faɗa. Me aka saka musu da shi? Aka ce adabin kasuwar Kano ne, aka ce suna lalata tarbiyya. A 2007 har tara littattafan Hausa aka yi, waɗanda aka ƙwace a hannun 'yan makaranta, aka cinna musu wuta a bainar jama'a da sunan A Daidaita Sahu, shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Kano a lokacin. Kun ƙona uwa, yanzu kuna mamakin maraici.

Malam Habu: Na batsa aka ƙona, kuma daidai aka yi.

Anti Bilki: Ka karanta su ne Malam?

Malam Habu: Allah ya tsare ni.

Anti Bilki: To ta yaya ka san na batsa ne?

Nasiru: Anti Bilki, ki faɗi gaskiya duka. Cikin goma tara soyayya ce, Alhaji mai mota ya ga yarinya a bakin titi, kishiya ta je wurin boka. Kuɗi Kanawa suka gani a ciki.

Anti Bilki: A ina ka ƙirga goman? Ku Zagezagi kun riƙe injin buga littafi shekara da shekaru, me kuka buga wa yara bayan Imam?

Nasiru: Ni Bakatsine ne.

Anti Bilki: Ya fi muni.

Usman (Oko-Oba): Iyayena da yayyena, ban cika magana a nan ba. Ni mahaifina ya rasu ina shekara 9, kawuna ya kawo ni mayanka ina wanke kayan ciki. Lokacin da muryata ta fara buɗewa, na fara mafarki, na ɗauka ciwo ne ya kama ni, na kwashe kuɗin da na tara na kai wa mai maganin gargajiya a bakin kasuwa, ya ƙulla mini gari a leda. A gidan kallon ƙwallo na ji gaskiyar abin, daga bakin yaran da suka fi ni lalacewa. Kalmar Anti ba ta ɓata mini rai ba. Abokaina masu iyaye ma a wurin suka koya, benci ɗaya muka zauna.

Alhaji Ɗanjuma: Babu maraya sai rago, ɗana. Ga shi ka zama mutum.

Malam Habu: Usman shi ne kaɗai a zauren nan yake da haƙƙin wannan suna, shi ma a da.

Sadiya 'Yar Zango: Ya ce bai ji haushi ba, Malam, kai kake ji masa.

Malama Rabi (Ikeja): Ina koyarwa a firamare, bari in ɗan sa baki. Ko an rubuta littafin, wa zai karanta? Tun 2018 dokar jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Ɗanmu yana karanta Turanci, yana karanta Yarbanci, yana karanta Larabci a allo, Hausa kuwa a baki kawai. Ka ba shi takarda ya ga ƙ da ɗ sai ya tsaya yana kallonka. Sannan marubuci ma ciki gare shi. Gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG dala 100,000 ake ci, duk shekara huɗu ake zagayowa kan littafin yara, a 2019 labarin ciwon sikila ne na Jude Idada ya ci, kuma duk waɗanda suka ci da Turanci suka rubuta. Mu abin da muke da shi Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, gajeren labari ne, kuma mata zalla.

Ɗanliti Mai Shayi: Mata zalla? To mu maza su ne marayun ashe.

Nasiru: Malama, wa ya hana iyaye koya wa 'ya'yansu karatun Hausa a gida? Sakaci ne, kada a ɗora wa gwamnatin Yarbawa.

Malama Rabi: Ban ɗora wa kowa ba. Kai naka sun iya?

Nasiru: Ban yi aure ba tukuna.

Goggo Asabe: Shi ya sa bakinka ke da ƙarfi.

Hajiya Binta: Har yanzu ina nan a kan bakana, a goge saƙon farko.

Alhaji Tanko (shugaban zaure): To jama'a, dare ya yi, gobe akwai fita da asuba. Ga abin da zaure ya tsaya a kai. An yi ittifaƙi cewa kalmar marayu kuskure ce, kamar yadda Malam Habu ya warware da hujja, kuma muna fata Hajiya za ta janye. An tabbatar muna da littattafai wadatattu tun 1934 daga Zariya, garin ilimi, saura mu koma gare su, tare da Ahalari da sauran littattafan malamai. An kuma nuna illar littattafan soyayya na kasuwa. Sauran maganganun da mata suka kawo an ji, Allah ya ba da lada. Na rufe wannan babi.

Anti Bilki: Ittifaƙi da wa? Alhaji, kai ma ba Bazazzagi ba ne?

Goggo Asabe: Tanko, ni ce "sauran maganganu"? Za ka zo Alaba Rago ka same ni.

Maman Iklima: Ban janye ba. Kuma littafin Bayarabiyar na mayar mata ƙarƙashin katifa yadda na same shi, ban nuna na gani ba. Goggo, in ba damuwa zan kawo miki ita ranar Lahadi.

Goggo Asabe: Kawo ta bayan azahar. Ke ki tsaya a waje.